Yashi da Baƙin Mai: Tafiyata Bauchi da Labarin Likita Mai Zana Filin Golf

Da hantsi muka bar Jos, tsakiyar hunturu, hazo ya lulluɓe kan duwatsu. Wanda ya saba bin hanyar Bauchi ya san halinta: da an wuce Tilden Fulani sai mota ta kama gangara, sanyi ya riƙa sassautawa, kafin a kai Nabordo kowa ya tuɓe rigar sanyinsa ya ɗora a cinya. Ni safiyo ne, awon filaye ne abincina, don haka ko a mota nake idona ba ya barin ƙasa. In an yi ruwan sama ina yake bi, ina ya ci, ina ya kwanta, abin da nake karantawa ke nan ta taga, sauran fasinjoji kuwa suna ta gardamar siyasa. Daga Nabordo zuwa Zaranda ƙasa ce mai daɗin kallo. Falalen dutse nan da can, tudu na bin kwari, ɗorawa da kaɗanya tsaye a gonakin da aka girbe, shanu na kiwo a cikin karan dawa.

Wurin kawuna za ni, ƙanen mahaifiyata, wanda ya haura shekara 70. A dangi ana yi masa kallon wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bin masu kuɗi da jaka a kafaɗa, ni kuwa ban taɓa jin an yi masa adalci ba. Yana yaro ya fara aikin kadi, ɗaukar jakar sanduna, a filin golf na Rayfield da ke Jos, zamanin da sauran Turawan kuza suna nan. Masu kulob ɗin suna lissafa kafuwarsa daga 1913, lokacin Jos ɗin kanta tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, don sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, ma'aikata suka yi ta kwararowa sabon babban birni. Kawu ya biyo wani maigidansa, ya samu aikin kula da fili, bai sake komawa ba.

Da daddare, bayan mun ci masar nan da Bauchi ta yi suna a kanta da miyar taushe, sai ya ce, "Gobe in an idar da sallar asuba ka raka ni. Kullum kana auna wa mutane filin gini, zo ka ga wanda aka bari yana numfashi." Na ce, "To, Kawu, Allah ya kai mu."

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallo ce 'yar ƙarama mai tauri da ake bugawa da sanda daga nesa har a jefa ta cikin rami mai faɗin inci 4 da kwata. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Cikakken fili rami 18 ne, al'adar da ta samo asali daga St Andrews a Sikotland, inda aka rage ramukan daga 22 zuwa 18 a 1764. Abin da ya raba shi da ƙwallon ƙafa shi ne babu filin da ya yi kama da wani. Filin ƙwallo ko a Azare ko a Landan awonsa kusan ɗaya ne. Na golf kuwa ƙasa ce mai kai wa hekta 50 ko fiye, da tudunta da kwarinta da itatuwanta, dole wani ya zauna ya yanke shawarar inda za a tsaya a buga da inda rami zai zauna. Wannan mutumin shi ne mai zanen fili, kuma sana'a ce mai zaman kanta da ta haura shekara 100.

Mun isa filin golf ɗin gari bai gama wayewa ba. Ciyawa ta bushe ta yi fari, ƙarangiya na kama ƙafar wando. Inda ramin yake, wurin da a talabijin ake ganin koriyar ciyawa shar, a nan da'ira ce ta yashi mai duhu. Burawun suke ce masa. Na tarar da yara biyu suna shirin sabunta ɗaya, Kawu ya tsaya a kansu. Sun tankaɗe yashin rafi da raga don fitar da tsakuwa, suka tara shi tsibi, suka buɗe tsakiya suka zuba baƙin man da aka juye daga injin mota, suka yi ta juyawa da shebur. Kawu ya damƙi cikin hannu ya matse, ya buɗe tafinsa. Yashin ya tsaya dunƙule, ya taɓa shi da babban yatsa sai ya wargaje. "Ya yi," in ji shi. In man ya yi yawa ƙwallo ba ta gudu, ga ta da datti. In ya yi kaɗan iskar hunturu ta kwashe shi cikin mako. Ƙarƙashin yashin marmara ce da aka jiƙa aka buga, kamar yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki, sai a baza yashin a kai bai fi kaurin yatsa ba. Duk sanda 'yan wasa suka iso, yaro zai ja tsohon kafet da aka ɗaure a sanda, ya fara daga bakin rami yana kewayawa zuwa waje, ya shafe sawun ƙafa kafin a gangara ƙwallo.

Daga nan ya ja ni wani rami da ya ce shi ne ɗansa a cikin filin. Daga wurin bugun farko ana hango tuta a bayan wani ɗan tudu, ga tsamiya babba a dama. Ido na cewa da an haye tudun an isa. Ba mu jima ba wasu mutum biyu suka zo. Na farko ya zaɓi sanda ya buga kai tsaye, ƙwallo ta tashi da kyau ta haye tudun, ta ɓace. Kawu ya raɗa min, "Baƙo ne." Ashe tsakanin tudun da burawun akwai wani kwari mai faɗi da ba a gani daga sama, can ƙwallon ta faɗa cikin tsakuwa. Na biyun, dattijo ne mai rauni a kafaɗa, ya buga gajere ta hagu inda ƙasa take a shimfiɗe, ya ƙara ɗaya, ya riga abokinsa shiga rami. Da suka zo wucewa dattijon ya ce, "Baba, ramin nan naka ya sake cin mutum." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai hanya biyu na ba shi, shi ya zaɓa."

Da can wurin bugun ba nan yake ba. Wata damina ce ruwa ya yanke tsohon wurin, Kawu ya yi ta zagaye da yamma yana tsayawa nan, yana tsugunawa can, har ya samu inda tudun ke ɓoye kwarin. Shi da leburori suka tara ƙasa da kwanon sarki suka daɓe.

A gindin tsamiyar nan na ba shi labarin Alister MacKenzie, don abin da ya yi da tudun nan shi ne ainihin abin da ya ɗaukaka wancan mutumin a duniya.

An haifi MacKenzie a 1870 a Normanton, kusa da Leeds a arewacin Ingila, iyayensa 'yan Sikotland ne, mahaifinsa likita. Shi ma likitanci ya karanta a Kambirij. Da yaƙi ya ɓarke a Afirka ta Kudu a 1899 tsakanin Ingila da Turawan can da ake kira Bowa, ya tafi a matsayin likitan tiyata. Abin da ya tsaya masa a rai ba a asibiti ya gan shi ba. Bowa manoma ne da suka san ƙasarsu, suna haƙa ramukan ɓuya su saje su da tudu da ciyawa, sojan Ingila na taho a sarari ba ya ganin kowa sai dai ya ji harbi. Likitan ya lura cewa ana iya motsa ƙasa da hannu a mayar da ita yadda ido ba zai gane an taɓa ta ba, kuma ana iya sa ido ya ga nesa kusa, ya ga kusa nesa. Da ya koma gida ya ci gaba da duba marasa lafiya, amma hankalinsa ya riga ya rabu. A 1907 yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin Alwoodley a gefen Leeds, shi ya zana filin. 'Yan kwamiti ba su yarda da aikin likita kai tsaye ba, sai da suka gayyato Harry Colt, wanda ya riga shi suna a harkar, ya duba ya goyi bayansa. A 1914 ya ci gasar zanen rami da wata mujalla ta shirya, sunansa ya fara fita. A Yaƙin Duniya na Farko ma bai tsaya kan likitanci ba, sashen dabarun ɓad-da-kama ya koma. Bayan yaƙin ya rataye aikin asibiti gaba ɗaya.

A 1920 ya fitar da ɗan littafi da ya jera ƙa'idoji 13 na fili mai kyau. Ba duka suka dame ni ba. Waɗanda na gaya wa Kawu su ne: kada a wahalar da ɗan wasa da hawan dutse ko doguwar tafiya tsakanin rami da rami, kada a ɓata masa rana wajen neman ƙwallo a cikin duhuwa, kowane rami ya zama da halinsa, duk abin da aka gina da hannu ya saje da halittar wurin, kuma mai rauni ya samu hanyar da zai bi ya ji daɗi ko da ba zai ci ba. Wannan ta ƙarshen ita ta fi burge ni. Kafin zamaninsa yawancin masu zane horo suke yi wa ɗan wasa: a gicciye masa kwarin yashi daga gefe zuwa gefe, in bai iya tsallakewa ba ya sha wuya. MacKenzie ya ɗauki darasi daga tsohon filin St Andrews, wanda ya auna ya zana taswirarsa a 1924, cewa haɗari ya zauna a kan hanyar mai ƙarfin hali, mai taka-tsantsan kuma a bar masa kewaye, ya biya da bugu ɗaya. Kawu ya yi murmushi ya nuna hagu da haɓa, inda dattijon ya bi.

A ƙarshen 1926 ya je Ostareliya, ya yi wajen wata biyu kawai. A kulob ɗin Royal Melbourne ya zagaya ƙasar, yashi ce mai tudu-tudu, ya zana, ya bar aikin a hannun mutum biyu: Alex Russell, ɗan wasa na kulob ɗin, da Mick Morcom, shugaban masu kula da fili. Morcom ne ya sassaƙa kwarurukan yashin da gangarar ramukan, da garmar doki da abin kwasar ƙasa, shekara da shekaru, har aka buɗe a 1931. MacKenzie bai sake taka Ostareliya ba, bai ga abin da ya zama ba. Yau ana saka filin cikin mafiya kyau a duniya, sunan likita ne a gaba, amma masana harkar sun san hannun Morcom ne a ƙasa. Nan na fi daɗewa da Kawu, don ina so ya ji cewa irin aikinsa yana da suna a tarihi. Tun kafin su ma akwai Tom Morris babba, ɗan masaƙi daga St Andrews, wanda ya fara da koyon ɗinkin ƙwallo, ya zama mai kula da fili, ya ci babbar gasar Birtaniya sau 4 tsakanin 1861 da 1867, ya kuma zana filaye da dama. Maganinsa ga ciyawar da ta lalace shi ne a barbaɗa mata yashi, kuma har gobe haka ake yi.

Daga Ostareliya sai Amurka. Wata 'yar wasa mai suna Marion Hollins ta riga ta ba shi aikin filin Cypress Point a gaɓar tekun Kalifoniya, aka buɗe a 1928, inda rami na 16 sai an buga ƙwallo ta tsallake ruwan teku. A 1929 Bobby Jones, gwarzon zamanin, ya zo gasa a Pebble Beach da ke kusa, aka fitar da shi a zagayen farko ba zato. Ya samu lokaci ya buga Cypress Point, filin ya shiga ransa. Da ya tashi gina nasa a Augusta, jihar Jojiya, a kan wata tsohuwar gonar renon itatuwa mai eka 365, MacKenzie ya kira. Sun yi filin da faɗi, kwarurukan yashi ba su kai 30 ba, gangarar ƙasa ce ke aikin. Amma lokacin karayar tattalin arziki ne, kulob ɗin ba kuɗi. Likitan ya yi ta rubuta wasiƙu yana roƙon haƙƙinsa, ba a biya shi cikakke ba har ya rasu a watan Janairu 1934 a Santa Cruz, cikin ƙunci. Wata biyu bayan haka aka yi gasar farko a Augusta, wadda ta zama Masters da duniya ke kallo duk watan Afrilu.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah sarki. Gumin mutum fa ba ya tafiya a banza, ko a can ko a nan." Ban ce komai ba. Na san shi ma akwai watannin da ya yi aiki bai ga albashi ba.

Da rana ta ɗaga muka koma rumfar kulob. Wani matashi cikin membobi, mutumin kirki mai son wasan, ya ji ni safiyo ne sai ya zauna kusa da ni. Burinsa a haƙa rijiyoyin burtsatse a shuka ciyawa a kowane rami, fili ya koma irin filin golf na IBB da ke Abuja. Ya ce da burawun ba za a taɓa ɗaukar su da muhimmanci ba. Na fahimci zafinsa, amma ban yarda da shi ba, kuma na gaya masa. Damina a Bauchi daga wajen Mayu ne zuwa Oktoba, sauran watannin da wuya sama ta ba da ruwa. Ciyawar da ake aske wa ƙasa-ƙasa tana son ruwa kullum, a watan Maris da Afrilu ma har safe da yamma. Gari ne da ke dogaro da madatsar Gubi, kuma da safen nan a kan hanyarmu mun wuce 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki. Ban ga yadda za a shayar da wurin wasa a gaban idonsu ba. Augusta ɗin da ake kwaikwayo, da duk dukiyarta, rufe ta ake yi daga Mayu zuwa Oktoba saboda zafi. Filin Pinehurst mai lamba 2 a Amurka, aikin Donald Ross, a kan yashi ake jefa ƙwallo a rami har 1935, kuma ba wanda ya raina shi. A nan gida ma an yi shekaru ana buga gasar Nigerian Open a Ikoyi a kan burawun, manyan 'yan wasan Turai na zuwa. Vijay Singh ɗan Fiji ya ci gasar a 1988, kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004.

In ana son kore, akwai kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da ke fitowa a bakin rijiya da gefen hanya. Danginta ne ake shukawa a manyan filayen ƙasashe masu zafi. Tana bushewa da rani ta farfaɗo da ruwan farko, ba ta neman kowa ya yi mata hidima. A yaɗa ta a sararin da ƙwallo ke sauka, a bar ta ta bi shekara yadda take.

Inda na ba matashin gaskiya shi ne baƙin mai. Guba ne, ruwan sama na wanke shi zuwa rafi, yaran da ke kwaɓa shi kuma da hannu suke yi ba safa. A karkarar Amurka da Ostareliya, inda har yanzu ake da ramukan yashi, da yawa sun koma amfani da man da ake tatsa daga tsirrai. Mu da ke noman gyaɗa da waken suya da auduga bai kamata wannan ya gagare mu gwadawa ba, ko da a rami ɗaya ne a ga yadda zai yi da gara da tururuwa. Kawu ya ce tsada ce matsalar, baƙin mai kusan kyauta ake samunsa a gareji. Gaskiyarsa ne. Amma kuɗin burtsatse ɗaya zai sayi man shekaru.

Abin da ya fi tayar min da hankali ban faɗe shi a rumfar ba. A gefen filin na ga turakun siminti sababbi, irin waɗanda mu safiyo muke kafawa. Na san ma'anarsu. A garuruwanmu duk wani sarari da ya rage ana yi masa kallon fulotan da ba a yanka ba tukuna. Mutum na iya ƙin golf, ya ce wasan manya ne, kuma da ɗan gaskiyarsa. Sai dai da safen nan na ga masu motsa jiki, na ga mata masu tsintar tsamiya, na ga yaran unguwa da suka fara da ɗaukar jaka suna buga ƙwallo da sandar da aka ba su kyauta, kuma ta wannan hanyar yawancin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya suka fito. Ranar da aka yanka wurin nan, ba za a sake samun irinsa a cikin gari ba.

Kafin in tafi Kawu ya roƙe ni aiki. Akwai wani burawun da ruwa ke wanke wa yashi duk damina, yana so ya matsar da shi, amma 'yan kwamiti sun ce sai sun ga takarda. Na ɗauko na'urar awon tudu daga jakata, yaro ya riƙe sandar awo, muka bi gangarar daga gindin wani suri har bakin rafi. Wurin da Kawu ya riga ya soka tsinke da idonsa, nan awon ya nuna ruwa ke rabuwa biyu ya bar tsakiya a bushe. Na zana taswirar, na sa hannu, na rubuta sunansa a matsayin wanda ya tsara. Ya riƙe takardar yana jujjuyawa, ya ce, "Kai ɗan nan, Allah ya yi maka albarka." Na ce amin.

Daga Bauchi Gombe na nufa, inda aiki ke jirana. A Dindima, inda hanya ke haye kogin Gongola kuma ake ratsewa zuwa Yankari, direba ya tsaya shan mai. Na taka zuwa gada. Ruwa ya janye, yashi fari shimfiɗe a faɗin kogin, masu tifa suna lodi da shebur. Na sauka na damƙa, mai laushi ne, ba laka ba tsakuwa. Na kira Kawu na gaya masa. Ya tambaye ni ko yana kama hannu, na ce a'a, zubewa yake. Ya ce, "To shi ne. Tambayo min nawa suke kai tifa ɗaya Bauchi, ka ce musu na tsakiyar kogi nake so, ba na gefe ba."